Tsagar Jirgi

Da yarinyar ta kai shafin ƙarshe, sai ta dakata da fassarar.

Hutu ne ya dawo da ita Argungu daga makarantar kwana ta Birnin Kebbi, shekarar da aka ba su jiha. Kullum bayan la'asar takan fassara wa kakarta littafin adabin Turanci, don jigonsa da taurarinsa su zauna mata kafin jarrabawa. Labarin wani masunci ne, tsohuwa kuwa ta mai da shi ɗan gida, har faɗa take masa in ya fita bai karya ba.

Ga shi marubuci ya nutsar da shi, yadda gulbi ya ci kakanta, mijin tsohuwar, tun mahaifiyarta tana goye.

"Sai ya dawo gida lafiya, Kaka," ta ce, ta rufe littafin.

Tsohuwa ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"Ɗiyata, tun randa kinka ce jirginai na da tsaga na san ba shi dawowa. Amma sake faɗa mani naki ƙarshen. Na daɗe ina jiran wani shi ce mani haka."