Ƙofofi Ukun Shabani

Shabani ya zura sandarsa cikin tukunyar waken Mama Tatu mai abinci har ƙasa, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya goge ta a bakin zanenta.

"Haba Bwana Shabani! Shekara goma sha ɗaya kana cin waken nan, yau kuma ya zama bam?"

"Yau ɗin. Wuce, kina tare mini layi."

Shabani Mwinyimvua ne shugaban tsaro na tashar jiragen ruwan garin, kuma kwana biyar ke nan ba ya ganin kowa da gashi. Takarda ce ta zo daga hukumar da ke ba tashoshi shaidar tsaro. Daga Litinin zuwa ƙarfe sha biyun ranar Juma'a, wani zai gwada shigar da ɗan akwatin ƙarfe mai launin ruwan ɗorawa har cikin ɗakin sa ido. In akwatin ya isa, za a janye shaidar, manyan jirage su daina tsayawa, shi kuma Shabani a mayar da shi gadin sito, inda ya fara.

Gadin sito! Shi da ya saba a ƙame masa.

Sai ya huce a kan talakawa. 'Yan dako suka riƙa cire takalma a kan kwalta mai zafi. Direbobin tirela suka wuni a layi ana kwance musu kujeru. Ranar Alhamis iska ta koro kwalekwalen wani tsohon masunci, Mzee Faki, ya haura iyakar ruwan tashar da taku kaɗan, Shabani ya tura jirgin sintiri aka jawo shi, ya sa aka zazzage kifin a ƙasa, aka farke cikin kowane babba. Tsohon ya tsaya yana kallon wahalarsa ta yini guda tana ruɓewa a rana, hawaye na bin gemunsa. Shabani ko a jikinsa. Ya ma rubuta abin a rahoto a matsayin nasara.

Juma'a da sha ɗaya da rabi mota ta tsaya a bakin titi. Bi Mwanaidi Kombo ce, jami'ar hukumar, ta zo rufe gwajin da sa hannu. Dattijuwa ce mai ciwon gwiwa. Da ƙyar ta fito, lema a hannu ɗaya, a ɗayan kwando rufe da zanen kanga, kan fulas ɗin shayi na leƙowa.

"Shikamoo, Mama," in ji Shabani, gaisuwar girmama manya ta Swahili, har da ɗan rusunawa.

"Marahaba, ɗana."

Ya karɓi kayan hannunta kamar yadda duk ɗan da ya sami tarbiyya a gaɓar nan zai yi, ya buɗa mata lemar. Ladabi kam Shabani yana da shi buhu-buhu, sai dai sama kawai yake kai shi.

A ƙofar farko mai gadi ya yi saurin ɗage mata ƙarfen shingen. Shabani ya daka masa tsawa.

"Kai, Kibwana! Wa ya ce ka buɗe? A nan babu babba babu yaro. A caje ta!"

Aka kira mace ta laluba ta daga ɗankwali har silifas. A ƙofa ta biyu ta bi ta cikin na'ura, na'urar ta yi ƙara saboda awarwaronta, aka sa ta cire ta sake bi. A ta uku aka riƙe katinta ana kallon hoton ana kallon fuskarta. Kowane karo Shabani kan zagaya ta 'yar ƙofar gefe, masu gadi su sara masa, ya tsaya jiranta a ɗaya ɓangaren yana hura hanci.

"Haka kowa da kowa ake yi wa?" ta tambaya tana mayar da awarwaronta.

"Kowa da kowa, Mama. Ko ƙuda sai ya nuna kati."

Ɗakin sa ido sanyi ƙalau, allunan talabijin sun cika bango, ga ƙofofin, ga katanga, ga teku. Ya ajiye mata kayanta a kan teburinsa, ya jawo mata kujera, ya shiga ba ta labarin kifin Mzee Faki yana ƙyalƙyala dariya. Ita ba ta yi dariyar ba. Agogon bango take kallo.

"Saura minti biyar, Mama. Mutumin naku ya tsorata ne, ko ya ɓata a hanya?"

"Ya iso," ta ce tana zare biro. "Zuba mana shayi, ɗana, maƙogwarona ya bushe."

Shabani ya yi murmushi, don a zatonsa wasan tsofaffi take yi masa. Ya yaye zanen kangar.

A gefen fulas ɗin akwatin yake zaune, launin ruwan ɗorawa, cikin kwandon da tun daga bakin titi babu hannun da ya taɓa shi sai nasa.