Akawu da Kujerarsa ta Lungu

Tunda ka ce gobe za ka sauya wa ma'aikatanka kujeru gaba ɗaya, Nafi'u, ajiye wayar nan ka saurare ni. A ofishin filaye da na yi aiki akwai wani akawu, shekara goma sha huɗu yana rubuta takardun fuloti, ko lamba ɗaya bai taɓa kuskurewa ba. Sai dai Allah ya yi shi daban. Mu kunnenmu yana tace hayaniya, nasa kuwa komai shiga yake lokaci guda: kukan fanka, 'yar ƙarar dogon ƙwan lantarki, takun duk wanda ya gifta. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce, haka ƙwaƙwalwarsa take tun haihuwa. Shi ya nemo wa kansa mafita. Ya ja teburinsa lungu, bayan kabad ɗin fayil, ya fuskanci bango, ya zauna kan wata tsohuwar kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya. Yana rubutu yana ɗan lilo a kanta, ƙwas, ƙwas, sai hankalinsa ya tattaru wuri guda. Mu kuwa, Allah ya yafe mana, gulma muke yi wai girman kai ne, mutum ya juya wa jama'a baya.

Sai aka kawo sabon shugaba, mutumin kirki wallahi, kuma kirkin nasa ne ya yi ɓarnar. Ya ga gwanin ofis a lungu kan gurguwar kujera, ya ce wannan abin kunya ne. Ya sayo masa kujera mai juyawa da tebur mai gilashi, ya dasa shi a tsakiyar ɗaki, ƙarƙashin fanka, yana kallon ƙofa. Akawun ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni inda nake." Shugaba ya yi dariya, ya ɗauka alkunya ce irin tamu, a ce a'a alhali ana so. Shi kuma akawun ina zai mayar da kyautar babba a gaban mutane? Ya zauna. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya a kansa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, sau hamsin a wuni. Kujera na sulɓewa da shi, gilashi na kashe masa ido. Da idona na gan shi ya toshe kunnuwa da tafin hannu, gumi na ɗiga kan takarda, na kau da kai na ci gaba da aikina. Har yau abin yana cin raina. Ba a cika wata biyu ba ya rubuta wa mutum biyu fuloti ɗaya, aka fasa wa wani kai wurin aza harsashin gini, magana ta kai kotu. Shugaban da ya sayo kujerar shi ya sa hannu a takardar korarsa, yana faɗin wai an ɗaga shi ya lalace. Mai 'ya'ya biyar fa! Ranar tafiyarsa abu ɗaya ya roƙa, a ba shi tsohuwar kujerarsa. Aka duba, ashe tuni mai ƙosan bakin ƙofa ta hura wuta da ita.

To, kafin ka sayo ko kujera ɗaya, bi su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya. In mutum ya ce a bar shi inda yake, ka yarda da gaske yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.