Tsakuwa a Ƙafar Kaji

Ranar Asabar ce, ruwa ya ɗauke da hantsi, gajimare na yawo ƙasa-ƙasa. Ranar awo ce a gonar Lantana. Tun da aka kawo sabuwar dusar nan da cokali ɗaya ke ƙosar da kaza, 'yan matan kajin da ta ware don iri ba sa wuce mako ba su hau sikeli ba. Wadda nauyinta ya gaza, iska ke ɗauke ta.

A ɗakin kaji, Lantana na ɗora su ɗaya-ɗaya, marar nauyi ta ɗaure mata tsakuwa a ƙafa.

"Malam, rufe tagar nan!" ta ce da mijinta, Tanko.

"To, sarauniyar sikeli. Bari in cinye ƙwaina."

Kafin ya miƙe, iska ta shigo. Waɗanda ba a kai ga aunawa ba suka tashi a hankali, ko fiffike ba su kaɗa ba, suka fice kamar audugar rimi. Tanko ya bi su cikin taɓo yana kira. Lantana ta dubi inda ya taka, babu sawu ko ɗaya.

Ta cika masa aljihu da duwatsu, ta riƙe hannunsa har gida.

Asarar ranar: kaji goma sha bakwai, da hular Tanko, da cin ƙwai a gidan.