Maganin Kamun Zumbulawa

Har yau ƙamshin bandar kifi yakan mayar da ni Katagum, wata la'asar, ina 'yar shekara bakwai. Kakata tana juya tarwaɗa a kan wuta, tana ba ni labarin Zumbulawa, wasu iskoki da ke zaune a gaɓar kogi.

Ta ce, "Kakansu gunkin tsawa ne na mutanen da, ya auri 'yar ruwa. Ba abin da suke ji da shi kamar asali. In ɗayansu ya kama ki, ki ce masa, 'Kai ɗan wane ne?' Dole ya sake ki, ya hau ƙirga kakanni da yatsu."

Daga nan ta aike ni ɗebo kirare. Na bi ta bayan dangar Malam, wani tsoho maƙwabcinmu mutumin Barno, na dumbuzi dabinon da ya shanya. Sai na ji caraf, an damƙe mini hannu, ga bulala a sama.

Na runtse ido na ce, "Malam, kai ɗan wane ne?"

Wallahi sakina ya yi! Ya jingine bulalar, ya gyara murya, ya soma ƙirga kakanninsa tun daga garinsu Kukawa. Yana kan kaka na huɗu na isa gida ina ihu, "Kaka, Malam Bazumbule ne!"

Dariya ta sa ta ƙona kifin.

Jiya na kama jikana da hannu cikin tukunya. Ya tambaye ni su wane ne kakanninmu. Ina yatsa na uku na ɗaga kai, ba yaro, ba nama.