Cibiyar Jirgin Haji Samsir

Daeng Nompo ya ƙwanƙwasa katakon sabon jirgin ruwan da aka haɗa da ƙotar gizagonsa. Ƙarar ta fito kamar ta ganga. Ya matsa gaba ya sake bugawa. Haka dai.

Shekara arba'in da biyu yana sassaƙa jiragen ruwa a gaɓar Tana Beru, kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Gara ta cinye cikin ƙashin bayan jirgin nan. An cusa garin katako da danƙo a ramukan, an bi da fenti. Kuma mutum tamanin zai riƙa ɗauka zuwa tsibirin Selayar.

Ya sami mai wurin sassaƙar jiragen, Haji Samsir, su biyu kawai.

"Baba, fenti ya riga ya bushe," in ji Haji, idonsa a ƙasa. "A bar maganar nan."

Jumarang, abokin aikinsa, ya tare shi wajen shan kofi. "Dattijo, ci shinkafarka ka ja bakinka. Mu talatin ke ci a nan. Ko kowa zai faɗa, ai ban da kai."

Ranar saukar da jirgi cikin teku aka yanka akuya. A al'ada babban masassaƙi ne ke huda cibiyar jirgi, wato ɗan rami a tsakiyar ƙashin bayansa, shaidar ya yarda a miƙa wa teku shi. Aka ba Daeng Nompo mahuji. Jami'in tashar jiragen ruwa na zaune a gaba cikin baƙi.

Tsohon ya durƙusa, ya daɗe. Sannan ya ajiye mahujin.

"Ba zan huda ba. Wannan ba jirgi ba ne, makara ce."

Ya soka wuƙa a katakon, ta shige har ƙota.

Bincike ya nuna takardun katakon ma na jabu ne. Aka rufe wurin, aka ɗaure Haji Samsir shekara huɗu. Jumarang ya daina amsa sallamar tsohon. Ko a masallaci, ƙarshen sahu ake bar masa.

Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Duk Juma'a yakan naɗe shinkafa da gasasshen kifi a ganyen ayaba, ba barkono, ya hau mota zuwa gidan yari. Ya zauna a benci har lokacin ziyara ya ƙare.

Sai gandiroba ya fito ya mayar masa da ƙunshin, da amsar da ba ta taɓa canzawa ba:

"Yi haƙuri, Baba. Ɗanka ya ce shi ba shi da uba."