Tsokar da Aka Hana Sakewa

Tunda kin ce mai jinya ba ya hutu sai in ba shi da tausayi, zauna in ba ki misali.

An yi wani mai bincike a jami'a, aikinsa nazarin tsokar cinyar kwaɗo. Yakan rataye ta cikin ruwan gishiri, ya ɗan taɓa ta da lantarki, ta tsuke, ta sake. Abin da ke tsuke ta sinadarin kalsiyam ne da ke kwararowa daga rumbunsa a cikin tsokar. Abin da ke sake ta kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin famfuna ne masu mayar da shi rumbun. A gida kuma ga mahaifiyarsa kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, shi ke ba ta kunu a baki. Ƙanwarsa ta yi roƙon duniyar nan a bar mata jinyar ko ta mako guda, ya ce ina, shi a ganinsa hutu butulci ne. Bawan Allah ya rame ya yi baƙi, har ranar da ƙafarsa ta lanƙwashe yana ɗauke da tsohuwar, saura ƙiris su zube tare. Ya tsorata ƙwarai, amma taurin kai ya ce masa ya ƙara dagewa.

Washegari a wurin aiki ya ɗiga wa tsokar maganin da ke toshe famfunan. Da ya taɓa ta sai ta tsuke, ta daɗe ba ta sake ba, kai ka ce ƙarfi ta ƙara. Ya yi ta taɓawa, motsin na raguwa, don rumbun da ake ɗiba ba a mayarwa ƙarshensa wayam. Can dai ko gezau. Ya zuba mata ido, tausayinta ya kama shi, sannan tausayin kansa. A nan ya ɗauki waya ya kira ƙanwarsa, ya ce ta zo ta karɓi jinyar.

Da ya je shaida wa tsohuwar, kansa a sunkuye don kunya, sai ta ce, "Alhamdulillahi. Ni ma na gaji da barcin ƙarya, ɗan nan. Ko ƙishirwa nake ji sai in rufe ido, don kada ka tashi."

To kin ji. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.