Akwatin Bindigogin Elnathan

Wata rana tana budurwa, kakarmu Asenath tana feraye tuffa, sai saurayinta, lauya Elnathan, ya shigo da akwatin bindigogi. Abokin takararsa na majalisar ƙasa ya zage shi, al'ada kuwa ta ce su fita fili su harbi juna.

"In na ƙi, na zama matsoraci, Asenath. Kujera ta tafi."

Ba ta ɗago ba. "Lauya guda, baki ya gaza sai harsashi? In ka je, ko ka dawo, kar ka ƙwanƙwasa ƙofarmu."

Ya dubi akwatin, ya dube ta. Sai ya tura mata akwatin, ya ɗauki tuffa.

Ya faɗi wannan zaɓen, ya ci na gaba tana gidansa. Har yau a akwatin nan muke ajiye zare da allura.